Ruwan Cikin Wani Yaro Ɗan Shekara 8: Yadda Muka Gano Sankarar Burkitt

Yaron ɗan fari ne, don haka mahaifiyarsa ba ta kama sunansa. "Yaron nan" take cewa tun ranar da aka ba su gado har ranar da aka sallame su. Ni ma haka zan kira shi, kuma na cire duk abin da zai sa a gane shi ko garinsu. Ƙarshen damina aka kawo shi ɗakin yara na asibitinmu, saɓe a kafaɗar mahaifinsa. Ciki ya yi tulu, fatar cikin tana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a kanta, hannuwa da ƙafafu kuwa kamar sillen kara. Da ya kwanta rigingine sai numfashi ya gagare shi, saboda haka a zaune yake kwana, jingine da jikin uwarsa.

Aikina a ɗakin gwaji yake, gaban madubin likita, inda muke duba ƙwayoyin halittar jiki a kan gilashi. Yawancin marasa lafiya lambar da ke jikin kwalba kaɗai nake sani. Wannan kuwa na gan shi ido da ido.

Yadda ciwon ya faro

Mako 5 kafin zuwansu lafiyarsa lau, har yana bin mahaifinsa gona. Zazzaɓi ya fara, da ƙin abinci. Aka sayo maganin maleriya a kemis, zazzaɓin ya lafa ya dawo. A mako na biyu ciki ya soma tashi. Kakarsa ta ce saifa ce, aka kira wanzami ya yi masa 'yar tsaga a gefen hagu. Tabon yana nan muka gani. Da abin ya ci tura suka tafi wani ƙaramin asibiti, inda aka soka allura aka zuƙe ruwa mai yawa don yaron ya sami numfashi. An ga yaro ya rame, yana zazzaɓin dare da gumi, ga ruwa a ciki, sai aka ce tibin ciki ne, wato cutar tarin fuka da ta kama ciki, aka ɗora shi a kan maganin tibi. Ruwan da aka zuƙa kuwa a magudana aka tuttular da shi.

Ban ga laifin tunanin tibi ba. A ƙasar nan duk likitan da ya ga yaro a wannan hali bai tuna tibi ba, shi ne ya yi sakaci. Abin da ya kamata ya tsayar da kowa shi ne saurin ciwon. Mahaifin ya ce kwana 4 bayan zuƙar, cikin ya koma yadda yake har ya fi. Tibin ciki a sannu yake cin mutum, yakan ɗauki watanni. Ciwon da ya mai da yaro mai noma ya zama ana saɓa shi cikin wata guda, sauri yake yi.

Likitocin yara sun duba shi. Jini ya yi ƙasa, ido bai yi shawara ba, muƙamuƙi babu kumburi, haƙora ba sa girgiɗi. A ƙasan ciki ta dama hannu yana jin wani tauri. Hoton ciki ya nuna ruwa mai yawa, bangon hanji ya yi kauri, kitsen da ke lulluɓe hanji ya kumbura, ƙodoji biyu sun ƙara girma. A gwajin jini sinadarin LDH, mai hawa idan ƙwayoyin jiki suna mutuwa da yawa, ya ninka iyakarsa sau da yawa, yurik asid ya hau, gwajin HIV bai nuna komai ba. An tambayi iyayen ko an ba shi maganin ƙiba irin wanda ake kira sha-ka-fashe, suka ce a'a. Tambayar tana da dalili: irin wannan magani yakan ƙunshi sitiroid, magungunan sitiroid kuwa suna kashe ƙwayoyin limfoma, wato sankarar fararen ƙwayoyin jini, na ɗan lokaci, su ɓata hoton da za mu gani a gilashi, ciwon kuma ya dawo da ƙarfinsa.

Kwalba ta farko

Da yamma aka zuƙi ruwan, aka zuba a kwalba marar maganin hana daskarewa, aka ajiye a kan teburin ɗakin yara. Can ya kwana cikin zafi. Bai iso gare mu ba sai wajen ƙarfe 11 na safe, ya yi gudaji. Na shafa a gilashi na rina, abin da na gani tarkace ne: ƙwayoyi sun fashe, cibiyoyinsu sun narke sun zama shafe-shafen shuɗi. Akwai su da yawa, wannan kam a fili yake, amma ko ɗaya ba ta da siffar da zan iya rantsuwa a kanta. Na rubuta cewa samfurin ba ya karantuwa.

Da a nan na tsaya, na san abin da zai biyo baya. Za a nemi likitocin tiyata su buɗe cikin su yanko nama. Sai a jira layin tiyata, ga yaron da ba lallai ya jure maganin barci ba, ga rauni da zai hana fara magani har ya warke, ga sakamakon nama da kan ɗauki mako ɗaya ko biyu. Idan abin da nake zargi ne, yawan ƙwayoyinsa yana ninkawa cikin awa 24 zuwa 48. Mako biyu a wannan ciwo ba jira ba ne, asarar rai ce. Sai na ɗauki akwatin gilasai da kwalabe masu jan-shuɗin murfi na EDTA, maganin hana daskarewa, na tafi ɗakin yara.

Mahaifin ya tare mu a bakin gado. Dattijo ne mai natsuwa, bai ɗaga murya ba.

"Likita, ranka ya daɗe, jiya an soke shi. Kuma na ji ana raɗe-raɗin daji. Mu a wurinmu daji ba ya son ƙarfe."

Na ce, "Malam, gaskiyarka, jiya an soke shi, kuma ruwan ya lalace a hannunmu, ba laifinku ba ne. Allurar yau ba za ta taɓa ƙarin ba, ruwan da ke kewaye da shi kawai za ta ɗebo. Idan ka yarda, in sha Allahu kafin la'asar zan dawo in faɗa maka sunan ciwon. Idan ba mu yi haka ba, wuƙa ce za ta biyo."

Ya yi shiru, ya dubi matarsa. Ita ce ta ce, "A yi masa, Malam. Yaron nan ba ya barci."

Kwalba ta biyu

Ruwan ya fito gurɓatacce, kamar ruwan wankin shinkafa mai ɗan rawaya. Mun ɗebi kimanin mililita 40. Kashi ɗaya ya tafi gwajin furotin da gwaje-gwajen tibi guda biyu, ADA da GeneXpert, sauran na riƙo a hannuna, cikin minti 15 yana cikin injin juyi. Bayan minti 5 na tsiyaye ruwan sama. A gindin kwalbar wani farin gudaji ya kwanta, mai kauri fiye da yadda ruwan ciki ya saba bari. Na ɗiga a gilasai na ja siriri. Wasu na bar su suka bushe a iska na rina da Leishman, rinin nan da kowane ɗakin gwaji yake duba jini da shi. Wasu na tsoma a barasar gwaji don rinin Papanicolaou. Ragowar gudajin na haɗa da ruwan jini da turombin, sinadarin daskarar da jini, ya daskare, na sa a fomalin mai hana ruɓewa don a yanka shi kamar nama.

Tun a ƙaramin ido na madubi, mai ninka abu sau 10, gilashin ya cika maƙil. Ƙwayoyi ko'ina, kowace zaman kanta take, ba ta manne da 'yar'uwarta ba, kamar gero da aka shanya a tabarma. Wannan kaɗai babban labari ne. Sankarar ƙoda ta Wilms da sankarar ƙwayoyin jijiya ta niyurobilastoma, waɗanda su ma ke kumbura cikin yara, ƙwayoyinsu sukan zo a dunƙule, rukuni-rukuni. Ƙwayoyin limfoma ba sa riƙe juna.

Na ɗiga mai na koma babban ido mai ninka abu sau 100. Ƙwayar halitta ta yi kama da ƙwai da aka fasa: ƙwanduwa a tsakiya, ita ce cibiya, sai abin da ke kewaye da ita. Waɗannan duk girmansu ɗaya, matsakaita, kusan ninki biyu na jar ƙwayar jini, kamar a tanda ɗaya aka toya su. Cibiyar zagayayya ce, zanenta tsaki-tsaki, da 'yan ɗigo biyu zuwa biyar a ciki. Kewayen cibiyar siriri ne, amma shuɗinsa ya yi duhu irin na turkuɗi da ya sha baba. A cikin shuɗin nan kuma ga ƙananan ramuka farare, zagayayyu, masu tsaftataccen baki, irin ramukan da ke fitowa a fuskar sinasir, wasu ma sun hau kan cibiyar. Gurbin ɗigon kitse ne da rini ya wanke. A busasshen gilashin Leishman ko Giemsa suka fi fitowa. A na Papanicolaou da ƙyar na ga kaɗan, shi ya sa ba na yarda a aiko min da gilashin da aka tsoma a barasa shi kaɗai.

Duk inda na matsa gilashin sai na ci karo da ƙwaya tana tsakiyar rabuwa biyu. Kusa da ita kuma ga wata ta mutu ta dunƙule ta zama baƙin ɗigo. Haihuwa da mutuwa a fili ɗaya, kowanne da yawa. Tsakaninsu ga manyan ƙwayoyi masu share datti, cikinsu fari-fari cike da gawarwakin da suka haɗiye. A yankan nama su ne ke haskawa cikin duhun shuɗi, har aka yi wa hoton laƙabi da sama mai taurari.

Wannan siffa ita ce ta limfomar Burkitt, sankarar fararen ƙwayoyin jini nau'in B, irin waɗanda ke zaune a kaluluwa da bangon hanji.

Ban rubuta nan take ba. Na sake bin gilashin ina neman abin da zai ƙaryata ni. Ruwan tibi shi ma cike yake da limfosait, fararen ƙwayoyin jinin da limfoma ke fitowa daga cikinsu, amma nasa ƙanana ne, sun nuna, gauraye da wasu iri, ba sa rabuwa barkatai, ba su da wannan shuɗi da ramuka. Gwajin ADA na yaron ya fito sama, kuma nan ne tarkon yake: ana ɗaukar hawansa shaidar tibi, alhali limfosait ne ke fitar da sinadarin, limfoma ma tana ɗaga shi. GeneXpert bai ga tibi ba, sai dai a ruwan ciki yakan kasa gani ko da akwai, don haka shi ma bai isa hujja shi kaɗai ba. Abin da ya raba gardama siffar ƙwayoyin ce.

Wadda ta fi ba ni tunani ita ce limfoma ta ƙwayoyin da ba su nuna ba, wato limfobilas. Ita ma tana kama yara, tana sauri, tana zuba cikin ruwan jiki. Amma zanen cibiyarta laushi gare shi kamar garin da aka tankaɗe, kewayenta ɗan kaɗan ne, kuma ta fi son ƙirji, da ƙari a bayan ƙashin ƙirji da ruwa a huhu. Hoton ƙirjin yaron fes yake. Bambancin ba na suna ba ne kawai: ita maganinta ya kai shekara 2, Burkitt kuwa 'yan watanni ne masu zafi. Akwai kuma wata limfoma da ruwan jiki ne gidanta, ba ta yin ƙari, wadda ƙwayar cutar HHV-8 ke haddasawa.  Manya masu HIV ta fi kamawa, ƙwayoyinta manya ne masu siffa daban-daban. Ba ita ba ce.

Kafin la'asar na koma. Na faɗa wa babbar likitar yara, sannan muka zauna da iyayen. Na ce, "Malam, daji ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma iri ne da ke jin magani ƙwarai, in an fara da wuri kuma an kai ƙarshe." Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Can ya ɗago ya ce, "Yaushe za a fara?"

Ciwon da aka sani a nan tun da daɗewa

Abin da na gani a gilashin ba sabon ilimi ba ne, kuma a nahiyar nan aka tattara shi. Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan Ailan, a asibitin Mulago na Kamfala ta Yuganda ya lura da yara masu kumburin muƙamuƙi, ya wallafa bayaninsu a 1958. A 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka yi tafiyar kimanin mil 10,000 a mota suna bin asibitocin gabashi da kudancin Afirka, suka ga ciwon yana bin wurare masu zafi da ruwan sama, yana ƙaurace wa tuddai masu sanyi. Taswirarsa ta faɗa kan taswirar maleriya. A 1964 a Landan, Epstein da Achong da Barr suka gano ƙwayar cutar EBV a cikin ƙwayoyin wannan ƙari. A Ibadan kuwa, Pulvertaft ya rayar da ƙwayoyin ƙarin wani yaro ɗan Najeriya a 1963, waɗanda har yau ake bincike da su a duniya da sunan Raji, kuma ya bayyana siffar ƙwayoyin yadda ake ganinsu a madubi. A Ibadan ɗin ne Victor Anomah Ngu, likitan tiyata ɗan Kamaru, ya kasance cikin waɗanda suka nuna cewa magani yana narkar da ƙarin. Yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker tare da Burkitt a 1972.

Yadda abin ke faruwa: kusan kowane yaro a nan yana kamuwa da EBV tun yana ƙarami, ta ɓuya a ƙwayoyin B. Maleriya mai maimaituwa tana zuga waɗannan ƙwayoyi su yi ta rabuwa, tana kuma raunana garkuwar da ke tsare EBV. Cikin wannan hayaniya, a ƙwaya ɗaya, gadon halitta mai suna MYC da ke kan kuromosom na 8, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da gado a cibiyar ƙwaya, yakan tsinke ya manne a na 14, wani lokaci na 2 ko na 22, kusa da makunnin da ba ya mutuwa a ƙwayar B. MYC shi ke ba da umarnin rabuwa. Daga ranar ƙwayar ba ta sake hutawa. Mutane sun fi sanin ciwon da kumburin muƙamuƙi da ido, shi ya sa idan ya zo ta ciki kaɗai, kamar na yaron nan, ake saurin kai shi wani wuri.

Fara magani kafin tabbaci na ƙarshe

Daskararren gudajin nan mun aika da shi wani ɗakin gwaji don rinin da ke tantance nau'in ƙwaya. Sai bayan kwana 12 sakamako ya dawo: alamomin ƙwaya masu suna CD20 da CD10 da BCL6 sun kama rini, BCL2 da TdT ba su kama ba, Ki-67 kuwa, mai nuna ƙwayoyin da ke cikin rabuwa, ya kama kusan dukkansu. Burkitt ce. Gwajin da ke nuna tsinkewar MYC kai tsaye ba a yi ba, kuɗinsa ya fi ƙarfin gidan.

Ba mu jira kwana 12 ɗin ba, kuma ina kan ra'ayin cewa daidai muka yi. Ido kaɗai yana kuskure, akwai limfomomi masu kama da Burkitt da sai rini da gwajin MYC ke rarrabewa, kuma wanda ya saba da madubi ya san haka. Amma a nan shekarun yaron, da saurin ciwon, da hoton ciki, da LDH, da gilashi mai kyau da mutum biyu suka duba, duk bakinsu ɗaya. Sharaɗin da na kafa shi ne a ajiye gudajin kafin ɗigon magani na farko ya shiga jikinsa, don in tabbaci ya zo da wata magana a sami abin komawa.

Washegari aka ɗebi ɓargo da ruwan laka. Shi ruwan laka ya fi na ciki saurin lalacewa, ƙwayoyinsa kaɗan ne, don haka a bakin ƙofa na tsaya na karɓa. Garau yake, babu baƙuwar ƙwaya, ɓargo ma haka. Ciwon ya tsaya a mataki na 3 ke nan a ma'aunin St Jude, mai nuna nisan da limfomar yara ta yi a jiki. Ta allurar da aka ɗebi ruwan aka zuba maganin daji mai suna metotireksat, domin Burkitt tana son laɓewa a laka da ƙwaƙwalwa inda maganin jijiya ba ya isa sosai.

Kwanakin farko su ne mafi haɗari, kuma maganin ne ke kawo haɗarin. Idan ƙwayoyi masu yawa suka mutu lokaci guda, abin cikinsu yakan kwarara cikin jini: fotasiyam da fosfet da yurik asid su hau, kalsiyam ya sauka, ƙoda ta toshe, zuciya ta rikice. An fara da ƙarin ruwa mai yawa da alofurinol, maganin rage yurik asid. Akwai rasburikes da ya fi ƙarfi, amma ba mu da shi, kuma ba a ba mai ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancin da ya yawaita a mazanmu. Sannan aka ba da somin-taɓi, ɗan kaɗan na siklofosfamaid da binkiristin da firedinisolon. Sista ta ba mahaifiyar gorar roba da aka yi wa zane da biro, ta ce, "Maman yaro, duk fitsarin da ya yi a nan za ki tara, ki nuna min." Matar ba ta yi boko ba, amma ba ta taɓa kuskuren zane ɗaya ba. Daren kwana na biyu ita ce ta je ta taso Sista ta ce fitsarin ya ragu. Aka duba jini, fotasiyam ya hau, aka yi maganinsa kafin asuba.

Cikin mako guda ciki ya sace. Yaron ya kwanta rigingine ya yi barci, ya tashi ya nemi ƙosai. An tsayar da maganin tibi.

Nan wata matsalar ta taso. Mahaifin ya same mu ya ce, "Likita, Allah Ya saka da alheri, yaro ya warke. Ga gero a gona ba a girbe ba, ga kuɗi sun ƙare." A Turai fiye da yara 9 cikin 10 masu wannan ciwo suna warkewa. A nan adadin ya yi ƙasa da haka nesa, kuma cikin manyan dalilai har da wannan: zuwa a makare, da tafiya gida da zarar kumburi ya sauka. Babbar likitar ta kawo shi ɗakin gwaji, na sa masa gilashin ɗansa a madubi. Ya daɗe yana kallo. Ta ce, "Malam, abin da ido ke gani ya tafi. Irin waɗannan da suka rage ba a ganinsu, kuma in suka dawo ba sa jin magani kamar na farko." Aka shirya ya tafi girbi, ƙaninsa ya zauna da su, ofishin jin daɗin marasa lafiya ya ɗauki wani kaso na kuɗin magani.

Bayan zagaye na biyu fararen ƙwayoyin jininsa suka faɗi, ya yi zazzaɓi mai zafi, baki ya yi gyambo har ruwa ba ya haɗiyuwa. Ya sha allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, ƙanin mahaifin ya ba da jini leda ɗaya. Ya tashi. Ya kammala zagayen maganinsa ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

Burkitt idan za ta dawo, galibi cikin shekarar farko take dawowa, don haka ana ganinsa a asibiti a kai a kai. A zuwansu na wata na 7 hoton ciki bai nuna ruwa ko ƙari ba, gashi ya tsiro, an sa shi makaranta. A ɗakin yara kuwa yanzu akwai akwatin gilasai da kwalaben EDTA a aljihun teburin Sista, da takarda manne a bango: duk ruwan da aka zuƙa daga ciki ko ƙirji ko laka, a kawo ɗakin gwaji cikin awa ɗaya, in dare ne a sa na ciki da na ƙirji a firji, a kira mai aikin dare. Gilashin yaron yana cikin akwatin da nake koyar da ɗalibai da shi, kusa da na kwalbar farko da ta kwana a kan tebur.